Na Tsinci Farare

"Farfelarka ce take dukan su," in ji Dakta. "Tun ranar farko na ce maka ka rage mata gudu."

"Na rage. Sau uku ina ragewa. In na ƙara, sai dai in tuɓe in shiga ciki in riƙa juyawa da cokali."

"To iskar ce ba ta isa."

"Iska lafiyarta ƙalau. Ga takarda nan, ki karanta, ai ke ce mai karatun."

"Kar ka yi min baƙar magana, Injiniya."

"Ke kika fara, Dakta."

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin tanki da kwandon kwalabe a hannu, wai wucewa zan yi. Da a ce wani faɗan ne, da na ajiye kwandon na gyara tsayuwa, don ni faɗan mata da miji ba na bari ya wuce ni ko da wuta ce ta kama zanena. Amma ran nan ƙafafuna ne suka ƙi tafiya, ba kunnena ba.

Dakta 'yar ƙanena ce. Ni na raine ta tun tana shekara biyu da uwarta ta rasu. Injiniya mijinta ne, kuma tare suka kafa wurin nan, ita da tsirrai, shi da ƙarafa. A gida ba da waɗannan sunaye suke kiran juna ba. In kun ji "Dakta" da "Injiniya" suna tashi sama kamar jifa, to abin ya ɓaci.

Tankin yana tsakaninsu, ya fi mutum tsayi, lita ɗari biyar, sai sheƙi yake, da farfela a ciki tana juya abin da aka zuba, ga bututai sun kewaye shi kamar mara lafiya a gadon asibiti. A gefensa akwai 'yar taga ta gilashi, faɗin bakin kofi. Abin da ke bayan tagar nan ya kamata a ce ya yi ja tun kwana na goma. Ran nan kwana goma sha shida ne, kuma fari ne tas, kamar ruwan wankin shinkafa.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, gwargwadon fahimtar wadda ta bar makaranta a aji huɗu.

Akwai wani ɗan itace da ke fitowa a tsakanin duwatsu, saiwarsa ja ce, ana haɗa man shafawa na ƙuna da ita. Sai ya shekara shida kafin saiwar ta nuna, masu haƙa kuwa ba sa jira, har sun kusa ƙarar da shi. Dakta ta yanko ɗan guntun saiwa kamar farce, ta ɗora a kan wani abinci mai santsi da ke daskarewa a faranti na gilashi, ta rufe. Abin bai yi ganye ba, bai yi saiwa ba, sai ya riƙa tsirowa dunƙule-dunƙule kamar ɓarɓashin burodi da ya jiƙe. Waɗannan dunƙulen ake zubawa a kwalba, daga kwalba zuwa babbar kwalba, har a kai tanki. A tanki in sun yi yawa sai a canza musu abinci, su kuma su fara fitar da jan nan, ba tare da an hau dutse ba.

Sai dai ba duka ke aiki ba. Akwai ragwaye, farare, masu laushi, su ci su yi ƙiba, ba sa tsinana komai. Akwai kuma ƙanana, masu tauri, da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, ba kyan gani, ba saurin girma. Su ne ma'aikatan. Shekara huɗu Dakta ta yi tana tsintar masu tsatsa daga cikin masu tsatsa har ta samu irin da take so. Kuma ba ya ajiyuwa. An gwada sa shi a ƙanƙara, ya mutu. Rayuwarsa ita ce duk sati uku a yanki kaɗan a mayar sabon faranti, da hannu, da ido. Juyi muke ce wa wannan.

Wannan aikin ta koya mana mu biyu, ni da wata mata da na laƙaba wa Ta-Kusurwa, saboda kullum tana kusurwa, ba ta cewa uffan. Ta kai shekara arba'in da ɗoriya, doguwa, mai ɗan ranƙwafawa. Ni kuwa Dakta ta ɗauko ni ne don zaman gida ya ishe ni, na kuma ishi maƙwabta, sannan ina da hannu, shekara talatin ina ɗinki ba tabarau. Ta ba kowaccenmu kantar ajiya guda da faranti arba'in. Ta ce in na ɗaya ya lalace, na ɗayar yana nan.

"Goggo, mai tsatsa za ki ɗauka," ta ce. "Ko fari ya yi miki murmushi, ki kau da kai."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

Sai ta samu ciki mai wahala, likita ya kwantar da ita ya ce ko waya kar ta riƙe a kan maganar aiki. Da kwanciyar da haihuwar da jego, wata takwas ba ta taka wurin ba. Injiniya ya riƙe wayarta, kullum ya dawo ya ce mata komai lafiya. A ganinsa ma lafiyar ce.

A juyi na biyu bayan tafiyarta, hantsakina ya ɗauko wani fari bisa kuskure. Na gani, na ce ɗaya ne, ba komai. Bayan sati uku ya cika faranti har yana taɓa murfi, fari fat, kamar auduga. Injiniya ya zo wucewa, ya tsaya, ya ɗaga shi a haske.

"Kai, Goggo, hannunki akwai albarka."

Shi ke nan. Maganar ba ta fi haka ba. Ni da ban taɓa zuwa ta ɗaya a komai ba, sai ga surukina mai digiri biyu yana ɗaga aikina sama. Na koma gida ina lissafi a raina: 'ya'ya biyar na raina, shida da Dakta, ni za a koya wa bambancin mai lafiya da mai ciwo? Yarinyar nan littafi ta karanta, ni goyo na yi. Daga ranar na riƙa tsintar farare. Kantata ta cika ta batse. Ta Ta-Kusurwa kuwa tana nan jiya i yau, 'yan ƙanana, masu ɗigo, kamar an hana su abinci.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma ni ce.

Ba na yi wa mutum ƙarya, wannan kowa ya shaida. Tambaya nake yi. Na tambayi direba, ko ya lura yadda na baiwar Allahn nan ba sa girma? Na tambayi mai shara, wai da gaske ne ko fure ta taɓa a gida sai ya bushe? Mai shara ta ce ba ta sani ba. Bayan kwana uku mai gadi ya kira ni gefe ya ce min, Goggo, an ce ko fure ta taɓa sai ya bushe. Na riƙe baki na ce Allah ya kyauta. Har ga Allah na ji daɗin yadda maganar ta dawo min da sabon kaya.

Lokacin da tanki ya iso aka kafa shi, Injiniya yana neman kantoci don manyan kwalabe, yana kuma neman abin da zai cika tanki da wuri. Ya same ni ya ce, cikin layin biyu, farantaina da na Ta-Kusurwa, wanne za a yi gaba da shi? Na ce, "Ni ba zan ce ba, ɗan nan, kar a ce na ce. Idonka ya gane maka." Idonsa kuwa ya gani. Ya ce a zubar da marasa lafiyar kafin su shafa wa sauran, Ta-Kusurwa kuma ta koma wankin kwalabe. Ta yi sati biyu tana wanki, ta ajiye farar rigarta a kan kujera, ba ta dawo ba.

Ni na kwashi farantan arba'in zuwa tukunyar tururi da ake kashe abin da za a zubar. Sahu huɗu na yi.

To, yanzu kun san abin da ya sa na kasa wucewa da kwandon kwalaben nan.

"Shi ke nan," in ji Dakta, ta dafa tankin. Satinta biyu ke nan da dawowa, kuma duk a kan tankin ta ƙare, ba ta shiga ɗakin farantai ba. "Asarar wata biyu ce. A zubar. Mu koma layin Yaya mu sake tasowa, in ga ko nan matsalar take." Yaya take ce wa Ta-Kusurwa. An gaya mata ta bar aiki ne don ƙashin kanta.

Injiniya ya cire hularsa ta leda ya mayar.

"Babu layin Yaya."

"Kamar yaya babu?"

"Ciwo suka kama. Duk sun yi tsatsa, ba sa girma. Na sa an zubar."

Dakta ta dube shi kamar ta ga baƙo a ɗakinta.

"Tsatsa," ta ce.

"Tsatsa. Kowa ya gani. Tambayi Goggo."

Suka juyo tare. Na ce, "Sannunku da aiki."

Ba ta yi min ihu ba. Na so a ce ta yi. Cewa ta yi, "Goggo, ajiye kwandon. Wanke hannu ki same ni a ɗakin farantai."

Ɗakin farantai ƙarami ne, ba taga, sanyi kamar cikin randa. Kantoci a jere, ga teburin da iska mai tsabta ke hurowa ta cikinsa, wanda a nan muke buɗe faranti. Na same ta tana bin kantata da ido, faranti bayan faranti. Da can in na shigo na ga farin nan sai in ji kamar in yi guɗa. Ran nan sai na ga kamar haƙora ne suke min dariya.

Ta goge teburin da sifirit, ta ɗauko faranti ɗaya, ta ajiye sabo a gefensa, ta miƙo min hantsaki.

"Zauna. Juya min guda ɗaya in gani."

"Haba, Auta, yau ba ranar juyi ba ce."

"A nan Dakta nake. Juya."

Na sa takunkumi, na sa safar hannu, na zauna. Ta tsaya a bayana, ina jin numfashinta a wuyana. Na ce a raina, to, abu mai sauƙi, ki ɗauko mai tsatsa, ki nuna mata kin san aiki, sai a ce abin daga Allah ne. Na buɗe murfi na baza ido. Na duba tsakiya, na duba gefe, na karkata farantin. Babu. Ko ɗigo ɗaya babu. Wata takwas ina korar su, sai yau zan neme su.

Kuma kafin in gama wannan tunanin, hannuna ya riga ya tafi da kansa. Ya je can wurin da ya fi ƙiba, ya fi fari, ya yanko, ya ɗora a sabon faranti, tsaf, ba rawa, ba kuskure. Aiki mai kyau, in da shi ake so.

"Na gani," ta ce. "Rufe."

"Auta..."

"Tun yaushe?"

"Tun juyi na biyu."

"Mantawa kika yi da abin da na ce?"

Ga ƙofa a buɗe, tsohuwa ce, mantuwa ba laifi ba ne. Na dubi farantin na ce, "Ban manta ba. Gani na yi kamar sun fi lafiya."

Ta ja kujerar Ta-Kusurwa ta zauna a can kusurwar, ta ɗora goshinta a kan hannunta. Nononta ya zubo ya jiƙa gaban farar rigar, ba ta ma lura ba. Na so in ce mata ta je ta ba yaro, na ga ba ni da bakin ba da shawara.

Injiniya ya leƙo. Ya ji komai. "Laifina ne," ya ce. "Ni na ba da umarni. Ban san..."

"Shekara bakwai kana aurena, ba ka san launin abin da nake nema ba?"

"Ja na sani. Kin ce ja."

"Tafi ka kashe tankinka."

Ya tafi. Ta miƙe ta cire rigar. "Ina Yaya take yanzu?"

Wannan kam na sani. Babu wanda zai bar wurin nan ban san inda ya faɗa ba. "Gidan wanki da guga, bayan tashar mota, kusa da mai gyaran takalmi."

"Ɗauko jakarki."

"Ni ma?"

"Ke ma."

Muka shiga mota. Rana tsaka, cunkoso, masu talla suna ƙwanƙwasa gilashi. Mun wuce matar mai kemis ɗin unguwarmu a cikin motar da ba ta mijinta ba, na gani da idona, na haɗiye. Ban taɓa haɗiye abu mai girman wannan ba.

Gidan wankin ɗaki ɗaya ne mai tsawo, riguna rataye cikin leda har rufi, zafi da ƙamshin sitati. Ta-Kusurwa tana can ciki, a kusurwa, tana gugar wata kwat. Da ta gan mu ta jingine dutsen gugar, ta goge hannu, ta fito ta gaishe ni har da rusunawa. Da ta zage ni, da na samu wurin tsayawa.

"Goggo, ina wuni. Dakta, barka da arziki. Ya jaririn?"

"Lafiya lau, Yaya. Yaya, ban sani ba. Wallahi yau na sani."

"Na san ba ki sani ba."

"Ko kin ɗauki wani? Ko guda ɗaya? Ba zan ce komai ba, ko a aljihu kika fita da shi."

Ta girgiza kai. "Ba nawa ba ne da zan ɗauka. Kuma da na ɗauka, a ina zan juya shi? A nan?" Ta nuna teburin guga. "Da tuni ya yi furfura ya ruɓe."

Dakta ta dafa kantar da ake karɓar kaya. Na ga ashe duk hanyar nan da wannan fatan take tuƙi.

"Me ya sa ba ki hana ba?"

"Na gaya wa Injiniya. Ya ce kowa nasa yake yabo. Na kira wayarki sau biyu, shi ya ɗauka, ya ce likita ya hana. Ranar zubarwa na roƙi a bar min biyu, ko a ƙasan kanta, har ki dawo."

"Wa kika roƙa?"

Ta-Kusurwa ta juya tana gyara ledar wata riga da ba abin da ya same ta.

"Ni," na ce.

"Me kika ce mata?"

"Na ce kanta ta masu rai ce."

Ban ƙara da cewa daga baya na je na kwaikwayi muryarta a gaban direba da mai gadi har direba ya ƙware da shayi ba. Amma ta sani. Wurin wankin kwalabe bango ɗaya ne da ɗakin mai gadi.

Mai gidan wankin, wani gajere da tef ɗin awo a wuya, ya leƙo ya ce ko kaya muka kawo. Ta ce masa baƙinta ne, minti biyar. Sannan ta dubi Dakta.

"Ai na rubuta miki takarda ma."

"Wace takarda?"

"Na ga tare kuke kwana gida ɗaya, sai na ba..." Ta dube ni, a karo na farko ido cikin ido, ba da fushi ba, da mamaki. "Ashe ba ta isa ba."

Wannan ban gaya muku ba tun farko. Na yi ta kewaye shi kamar rami a hanya.

Dakta ba ta juyo ba. Ta ce, "Yaya, akwai abin da za a iya yi?"

"Faranti nawa ne yanzu?"

"Sun kai ɗari da ashirin."

"In aka bi su ɗaya-ɗaya da gilashin ƙara girma, a farfasa kowane dunƙule, wataƙila a samu ɗigo a wani. Ba sa ƙarewa duka, ɓuya suke. In an samu, a fara daga nan."

"Shekara nawa?"

"Ke kika fi ni sani. Biyu. In an yi sa'a."

"In ba a samu ba, sai in koma dutse in fara daga farce." Dakta ta yi 'yar dariya mara daɗi. "Masu man shafawar da ke jiran jan nan wata uku suka ba ni. Za ki dawo?"

"Ina da hutu jibi. Zan zo in duba miki. Dawowa kuwa, bari in yi tunani. Nan ba wanda ya ce hannuna yana busar da komai. Busarwar ma ake biya na."

Ashe tana da baki. Shekara biyu muna zaune kafaɗa da kafaɗa ban sani ba, don ban taɓa yin shiru na ji ba.

Ba mu koma wurin aiki ba, gida muka wuce. La'asar ta yi. Mai raino ta miƙa jariri, Dakta ta shiga ɗaki da shi ta ba shi nono, ni na zauna a kicin a kan 'yar kujerar da nake yankan albasa, jakata a cinya. Ban cire takalmi ba. Ina jin ta tana masa 'yar waƙa. Can ta fito, ta rufe ƙofar kicin a hankali, ta tsaya jikin firji.

"Tana ina?"

Ban ce wace ba. Na buɗe jaka, na zuge ƙaramin zif na ciki inda nake ajiye katin asibiti, na zaro ta. Ta yi laushi, ta yi baƙi a wurin ninki. Ban san me ya hana ni yaga ta ba. Sau da yawa na ɗauko zan jefa a shara in mayar.

Ta buɗe. Layi huɗu ne, na haddace su. Dakta, ki yi haƙuri da damunki. Goggo tana ɗaukar farare, ina jin ba ta gane ba ne. Za a zubar da masu tsatsa ranar Alhamis. Kalma ɗaya daga gare ki ta isa.

Ina jin ba ta gane ba ne. Har a takardar ƙarata sai da ta rufa min asiri.

"Ranar me ta ba ki?"

"Litinin."

"Litinin. Talata, Laraba. Kina kawo min ruwan zafi, kina matsa min ƙafa, tana cikin jakarki."

"Tana ciki."

"Kin karanta?"

Kowa a gidan nan ya ɗauka karatuna bai wuce lambar mota ba. Ni na bar su a haka, don mutane suna barin takardu a buɗe a gaban wanda bai iya karatu ba.

"Na karanta."

"Da kin ce ba ki iya ba, da na yarda, Goggo."

"Na sani."

"To me ya sa? Me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba." Na murza hannun jakar. "In kin ce a bar nata, sai a duba nawa. In an duba nawa, sai a ce tsohuwa ta lalata aiki. Na ce bari tanki ya cika tukuna, in ya yi ja, kowa ya huta. Na ɗauka zai yi, Auta. Kullum sai na leƙa tagar nan kafin kowa ya zo."

Sai ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta kunna butar lantarki, ta ɗauko kofi biyu. Ta sa min sukari cokali uku yadda nake so, ko da yake ita ce kullum take hana ni. Ta ja ɗayar kujerar ta zauna har gwiwarmu tana taɓa juna.

"Makullin ɗakin farantai za ki ba ni," ta ce a hankali. "Da rigar. Ba za ki ƙara shiga ba."

Na ciro makullin daga igiyar wuyana na ajiye a tebur.

"Jibi in Yaya ta zo, za ki same ta a bakin get, a gaban direba da mai gadi da mai shara, ki faɗi abin da kika yi. Da bakinki. Duka."

"Duka?"

"Har da furen."

Ashe har wannan ta ji. Na sunkuyar da kai na ce to.

"Ke kika goya ni," ta ce, tana juya cokali a kofinta. "Ba zan iya korar ki daga raina ba ko na so. Amma ki bar ni in yi kwana biyu ban..." Ta ɗora hannunta a kan nawa.

Da na yi shiru. Abin da ya rage min ke nan a duniya, in yi shiru in sha shayina. Amma hannun nan nata mai ɗumi ya sa na ji ƙirjina ya saki, kuma ni in ƙirjina ya saki, bakina ne yake fara sani. Na ji nauyin ya yi min yawa ni kaɗai, na waiga neman wanda zan ɗora wa gefe.

"Ai ba ni kaɗai ba ce, in za a bi gaskiya," na ce. "Shi da ya ba da umarnin fa? Kuma ni dai tambaya nake, wata takwas ɗin nan da kina kwance, me yake kai shi ofishin yarinyar nan mai kawo sinadarai har sau..."

Ta janye hannunta.

Ta miƙe tsaye, ta dube ni daga sama har ƙasa, kallon da take yi wa faranti kafin ta ce a kai tukunyar tururi. Ta ɗauki makullin. Na ce, "Auta, tsaya, ba haka nake nufi ba," ko da yake ban san me nake nufi ba.

Ta fita, ta bugo ƙofar har cokulan da ke rataye suka yi ƙara.